An kwashe mana maki kaka biyu da suka wuce, yanzu mun samu hujja: mu tafi kotu?

"Barista, ni ne sakataren wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa a Tudun Wada, Zariya. Kaka biyu da suka wuce aka zarge mu da sanya ɗan wasan da ke da rajista a ƙungiya biyu. Kwamitin ladabtarwa na gasar ya kwashe mana maki shida, ya ci mu tara, ya dakatar da kocinmu shekara uku. Da maki biyu kacal aka fi mu a ƙarshen kaka, muka rasa hawa rukuni na gaba, mai ɗaukar nauyinmu ma ya janye. Ba mu ɗaukaka ƙara ba a lokacin, domin an ce mu yi haƙuri za a gyara. A makon jiya wani tsohon jami'in ƙungiyar da yaron ya baro ya kawo mana takardar sallama mai kwanan wata tun kafin a fara waccan kakar. Shugabanmu ya ce mu nufi Babbar Kotu kawai. Me doka ta ce?"

Malam Sakatare, Allah ya ba ku haƙuri. Wanda bai taɓa tara kuɗin mota daga aljihun mutane don kai yara wasa Kaduna ko Kafanchan ba, ba zai san zafin a kwashe maki shida a kan tebur ba. Abin da kake tambaya shi ne ko hukuncin da aka yanke, aka zartar, kaka ta ƙare a kansa, ana iya tayar da shi saboda sabuwar hujja, kuma a gaban wa. Amsar ita ce akwai ƙofa, amma ƙarama ce, kuma ba ita ce wadda Alhaji shugaba yake nufa ba. Kafin komai ina so ka lura da kalmar da ka rubuta da hannunka: "makon jiya". A duk wasiƙarka babu abin da ya fi ta tsada, kuma kullum rana ta faɗi darajarta raguwa take yi.

Shari'ar ƙwallo shari'ar agogo ce

Mutane sun saba da kotunan gari, inda rikicin gona kan yi shekara goma ana ɗagawa. Ƙwallo ba haka take ba. Gasa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, wani ya hau wani ya faɗi, 'yan wasa sun watse, an ƙulla sababbin kwantiragi. Shi ya sa aka gina dokokinta a kan gajeren wa'adi. A dokar ladabtarwa ta FIFA, wadda hukumomin ƙasashe ke kwaikwayo, ƙorafi a kan wasa ana shigar da shi a rubuce cikin awa 24 da tashi daga wasan. Idan an yanke hukunci, kana da kwana goma ka nemi a ba ka dalilansa a rubuce. In za ka ɗaukaka ƙara, kwana uku ne ka bayyana niyya, sannan kwana biyar ka kawo cikakken bayani. Kotun sasanta rikicin wasanni ta duniya, CAS, da ke birnin Lozan a Suwizalan, wadda aka kafa a 1984, kwana 21 take bayarwa daga ranar da hukuncin ƙarshe ya iso hannunka. Gasarku tana da nata littafin ƙa'idoji, kuma shi za a fara buɗewa, amma da wuya ka tarar ya fi waɗannan sassauci.

To kun ji "a yi haƙuri za a gyara" kuka zauna. Ba zan ɓoye maka ba, a nan kuka yi babbar asara. Wannan magana na sha jin ta a ofishina, kuma ban taɓa ganin ta a rubuce da sa hannu ba. Wani sakatare kamarka ya taɓa zuwa mini a Sabon Gari da takardu cike da baƙar leda. Muka zazzage su a kan tebur, muka tarar wasiƙar hukuncin ta yi kwana goma sha biyu a shagon ƙanen shugaban ƙungiya, ƙarƙashin littafin bashi, ambulan ɗin ma ba a yage ba. Yaron shago ne ya sa hannun karɓa. Gaskiya tana wajensu, amma wa'adin ɗaukaka ƙara ya riga ya wuce, kwamitin kuma bai ko buɗe hujjarsu ba. Har yau abin yana damuna.

Saboda haka ɗaukaka ƙara ta yau da kullum, a wajenku bakin alƙalami ya bushe. CAS ma haka. Ba ta sauraron wanda bai bi matakan cikin gida ya ƙare su ba, wato daga kwamitin ladabtarwa zuwa na ɗaukaka ƙara har inda dokar NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, ta tsaya, kuma sai an ajiye faran 1,000 na Suwizalan kafin a buɗe fayil, ban da kuɗin masu sasantawa da na lauya. Samson Siasia, tsohon kocin Super Eagles, ya je can, aka rage masa dakatarwar har abada da FIFA ta yi masa a 2019 zuwa shekara biyar a 2021, amma ya shiga ne cikin wa'adi.

Ƙofar sabuwar hujja

Abin da ya rage shi ne roƙon sake duba hukunci. Ba ɗaukaka ƙara ba ce. A ɗaukaka ƙara kana cewa kwamiti ya yi kuskure da abin da ke gabansa. A sake dubawa kana cewa akwai abin da bai zo gabansa ba, wanda da ya zo da hukuncin ya canja. Kuma gaban kwamitin da ya yanke hukuncin ake komawa, ba na sama da shi ba.

Dokar FIFA ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri a kan wannan. Hujjar ta zama mai iya sauya sakamako. Ta zama wadda ko kun yi iya ƙoƙarinku ba za ku iya samo ta a wancan lokacin ba. A shigar da roƙon cikin kwana goma da gano ta. Sannan akwai iyaka ta shekara ɗaya daga lokacin da hukuncin ya tabbata. Ka ga ke nan idan ƙa'idojin gasarku sun kwafi wannan yadda yake, kaka biyu ta fi shekara ɗaya, kuma ɗaya ɓangaren zai fara da wannan. Idan ba su sa iyakar shekara ba, ko ba su yi maganar sake dubawa ba sam, akwai filin da lauya zai tsaya. Ban ga littafinku ba, don haka ba zan yanke maka a nan ba. Amma ko wanne ne, kwana goman nan ku ɗauke su kamar suna kanku, ku shigar da wasiƙa kafin su cika, ko da sauran takardu za su biyo baya.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda nake so ka zauna ka yi tunani a kansa da daddare, domin nan za a matse ku. Za a ce: idan an sallami yaron kafin kaka, ina kwafinku? Ƙungiyar da ta ɗauki ɗan wasa ita ya kamata ta riƙe takardar sallamarsa, ta kai ta ofishin gasa kafin a ba shi lasin. Me ya sa ba ku nuna ta ranar da aka zauna ba? Idan amsar ita ce kun amince da maganar baki, kuka sa yaro a fili ba ku karɓi takarda ba, to hujjar ba sabuwa ba ce a idon doka, sakacinku ne. Idan kuwa kun nema a lokacin aka hana ku, ko waccan ƙungiya ta rubuta wa kwamiti cewa ba ta taɓa sallamarsa ba alhali takardar na cikin durowarta, magana ta canja gaba ɗaya, domin an shiga batun yaudarar kwamiti. Hukuncin da aka samu ta hanyar yaudara shi ne ya fi kowanne saurin rushewa. Ka tuna wasan Afirka ta Kudu da Senegal na neman gurbin kofin duniya a Nuwamban 2016. An tashi, an rubuta sakamako, kusan shekara ta zagayo. Da aka tabbatar alƙalin wasan, Joseph Lamptey na Ghana, ya murɗe wasan, FIFA ta soke shi, aka sake bugawa a Nuwamban 2017, Senegal ta ci 2-0. Sai dai ka lura, a lokacin ba a gama wasannin rukunin ba, akwai abin da za a iya gyarawa.

Sannan ita kanta takardar. Don Allah kada murna ta hana ku bincike. Kwanan wata da biro kowa na iya rubuta shi yau. Me ya sa tsohon jami'in ya kawo ta yanzu? Sun ɓata da mutanensa ne? Wannan ba ya nufin ƙarya yake yi, amma za a tambaye shi. Ku duba ko akwai hatimin karɓa na ofishin gasa ko na hukumar ƙwallon jiha a jikinta, ko lambarta ta yi daidai da jerin wasiƙun da ƙungiyar ta fitar a watan, ko akwai rasit ko shaidar tura kuɗin sallamar ta banki, ko saƙon WhatsApp na wancan lokacin da aka turo hotonta. Ku kai mutumin rajistarar Babbar Kotu ya yi takardar rantsuwa, ya faɗi inda takardar take duk tsawon nan da ranar da ya miƙa muku. Idan ya ƙi rantsuwa, ku ja da baya. Gabatar da takardar jabu laifi ne a dokar ƙwallo, laifi ne kuma a dokar ƙasa, kuma kai sakatare da ka sa hannu a wasiƙar kai za a fara kira. Garin neman gira kada a rasa ido.

Akwai wani abu da ba ka faɗa ba, kuma ina so in sani: an kira ku kafin a yanke hukuncin? An ba ku kwafin ƙorafin? Akwai ɗan waccan ƙungiyar, ko wadda ta amfana da faɗuwarku, a cikin kwamitin? Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a ji ta bakinsa a gaban wanda ba shi da ɓangare. Tun 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta rushe korar ɗalibai saboda ba a bi wannan ƙa'ida ba. Haka nan a duba ko wanda ya yanke hukuncin yana da hurumin yankewa. A 2019, bayan rikicin wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka tsakanin Esperance da Wydad, kwamitin zartarwa na CAF, hukumar ƙwallon Afirka, ya ce a sake wasa, CAS ta soke umarnin don ba aikinsa ba ne, na kwamitin ladabtarwa ne. A ƙananan gasanninmu sau da yawa shugaban gasa ne da mutum biyu suke yanke hukunci a tsaye bakin fili. In haka aka yi muku, ku sa shi a wasiƙar.

Maganar Babbar Kotu

Ka gaya wa Alhaji, cikin ladabi, cewa babu wanda zai tare shi a ƙofar kotu. Tsarin mulki ya ba shi damar shiga. Matsalar ita ce abin da zai tarar idan ya fito. Duk ƙungiyar da ta yi rajistar gasa ta sa hannu cewa ta yarda da dokokin FIFA da CAF da NFF, kuma dokar FIFA ta haramta kai rikicin ƙwallo kotunan gari, ta kuma umarci hukumomin ƙasashe su hukunta wanda ya kai. Ƙungiyar Sion ta Suwizalan ta gwada. An hana ta sayen 'yan wasa saboda yadda ta ɗauko golan Masar Essam El-Hadary daga Al Ahly, ta saya duk da haka, aka bi ta kotun gari aka samo umarni. UEFA, hukumar ƙwallon Turai, ta fitar da ita daga gasar Europa a 2011, FIFA ta yi barazanar dakatar da ƙasar baki ɗaya, hukumar ƙasar ta kwashe mata maki 36 a watan Disamba. A nan gida, umarnin wata kotu a Jos kan shugabancin NFF ya sa FIFA ta dakatar da Nijeriya a Yulin 2014, ba a ɗage ba sai da aka janye ƙarar. Idan ƙasa guda ta ji jiki, ƙungiyar unguwa ba ta da kafaɗar ɗaukar wannan. Wasiƙa ɗaya za a rubuta a ce ba za ku buga ba sai kun janye, yaranku su watse cikin wata guda.

Ko a cikin kotun ma akwai shingaye. Na farko, ƙungiyarku tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi? Yawancin ƙungiyoyin da na sani a Zariya suna ne da riga da shugaba. Wadda ba ta da rajista ba ta iya shigar da ƙara da sunanta, sai dai wasu mutane su shigar a madadin 'yan ƙungiya, lauyan ɗaya ɓangaren kuma zai ɓata watanni a kan wannan kaɗai. Na biyu, zai ce akwai yarjejeniyar sasantawa, a mayar da ku can, kuma dokar sasantawa ta 2023 ta ƙarfafa kotu ta yi hakan. Na uku, idan wanda kuke ƙara zai iya shiga inuwar jami'an gwamnati, zai jawo dokar da ta ce wata uku ne wa'adin ƙararsu. Bayan duk wannan, ko alƙali ya tausaya muku, ba zai iya mayar da kakar da ta wuce ba. Ƙungiyar da ta hau a madadinku ta yi kaka biyu a can, ba a sa ta a ƙarar ba, ba ta yi laifin komai ba.

Wanda yake ganin kuɗi da manyan lauyoyi suna warware wannan ya dubi Juventus. A 2006, bayan badaƙalar alƙalan wasa da maganganun waya suka tona, aka karɓe mata kofunan Italiya biyu, na 2004/05 da 2005/06, aka jefa ta rukuni na biyu, aka miƙa wa Inter na biyun. Daga baya wasu maganganun waya da ba a yi amfani da su ba suka fito, har mai gabatar da ƙara na hukumar ƙwallon Italiya ya ce a 2011 Inter ma tana da abin amsawa, amma wa'adin tuhuma ya wuce. Juventus ta nemi a karɓe kofin, ta nemi diyyar kusan Yuro miliyan 444, kotun yankin Lazio ta yi watsi da neman diyyar a 2016. Aka yi ta hawa da sauka fiye da shekara goma sha biyar, daga ƙarshe ta janye, kofin yana nan inda aka kai shi. Wa'adin nan dai shi ya taimaki Manchester City a 2020, lokacin da CAS ta soke dakatarwar shekara biyu da UEFA ta yi mata, domin wasu tuhume-tuhumen sun haura shekara biyar.

Me kuke so a zahiri?

Wannan ita ce tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo mini da irin wannan, kuma sau da yawa sai an yi shiru. Abin da za ku iya nema kashi huɗu ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Maki da hawa rukuni, a ganina ku cire rai. Zan fi son ka ji haushina yau da ka sayar da fili ka biya lauya a kan abin da ba zai dawo ba. Iyakar abin da za a iya nema shi ne a ba ku gurbi a wasannin share fagen hawa na gaba, ko a ƙara ku idan za a faɗaɗa rukuni, wannan kuma alfarma ce ta masu gasa, ba haƙƙin da za a tilasta ba.

Dakatarwar koci ita ce ta fi rai, domin har yanzu tana aiki. Saura masa shekara guda, kuma kullum yana cutuwa. Ɗage ta ba ya taɓa teburin kowa, ba ya sauke wata ƙungiya. Kwamiti ya fi samun sauƙin cewa "mun ɗage" a nan, kuma da zarar ya ɗage bisa wannan takarda, ya amsa a fakaice cewa yaron halastacce ne. Ni da ni ne lauyanku, da ita zan sa a gaba. Mutumin nan da sana'arsa yake ciyar da iyali, kuma a garin nan sunan "mai maguɗin 'yan wasa" ba ya goguwa da sauƙi. Tara kuma tana bin bayanta, a mayar ko a lissafa ta a kuɗin rajistar kaka mai zuwa.

Diyya wata hanya ce daban. Misalin da aka fi sani shi ne na Sheffield United, wadda ta faɗi daga gasar Firimiyar Ingila a 2007 bayan West Ham ta yi amfani da Carlos Tevez ta hanyar da ta saɓa ƙa'ida, aka ci ta tarar fam miliyan biyar da rabi ba a taɓa makinta ba. Sheffield ba ta samu komawa ba. Sai ta bi West Ham ɗin kanta ta hanyar sasantawar cikin ƙwallo, ta yi nasara, aka daidaita a 2009 a kan kuɗi masu yawa. Ku ma, idan ta tabbata waccan ƙungiya ta ɓoye takardar da gangan, ita ce abokiyar shari'arku. Lissafinku a fili yake: an cire shida, an fi ku da biyu. Inda za ku sha wuya shi ne tabbatar da asara. Mai ɗaukar nauyin da ya janye, akwai yarjejeniya a rubuce ko Alhaji ne mai ba da abin da ya sawwaƙa bayan sallar Juma'a? Abin da ba a rubuta ba da wuya a biya shi. Sannan ka tambayi kanka ko ƙungiyar da za ku bi tana da abin biya. Wa'adin irin wannan ƙara ya fi tsawo, shekara biyar a wasu jihohi, shida a wasu, saboda haka ba ita ce ta gaggawa ba.

Ban raina zaman sulhu ba, kuma a aikina ya fi kowace hanya kawo sakamako. Tsofaffin 'yan wasa da dattawan ƙwallo na Zariya da Kaduna suna da kunnen masu gasa. Amma ku shigar da wasiƙar tukuna, sannan a je gaisuwa. Wanda ya je da wasiƙa mai hatimin karɓa ana sulhu da shi, wanda ya je hannu rabbana haƙuri za a sake ba shi. Duk abin da aka amince kuma a rubuta shi a takardar ofis, mai lamba da sa hannu.

Gobe da safe ka nemo littafin ƙa'idojin gasar na waccan kakar, ba na bana ba, da wasiƙar hukuncin, da rasit ɗin tarar, da takardar jerin 'yan wasa ta wasannin da yaron ya buga, da lasinsa. Ka ɗauki hoton takardar sallamar gaba da baya, ka sa ta asali a ambulan, kada kowa ya rubuta komai a jikinta, kada kuma a sa ta a Facebook. Ku zauna da lauya ya rubuta roƙon sake dubawa zuwa ga kwamitin da ya yanke hukuncin, da kwafi ga hukumar da ke sama da shi. Kai da kanka za ka kai, kwafi biyu, ka tsaya har a buga hatimi a naka a rubuta rana da lokaci. Idan aka ce mai hatimi ba ya nan, ka tura ta imel ɗin ofishin kana tsaye a wurin, ka koma washegari.